Dakan Gero Sau Uku a Bikin Hadiza

Shekara ashirin da bakwai ke nan da muka raka Adda Mairo da ido, maza suka fita da ita daga gidansu da ke Yerimaram a Potiskum. Katanga ɗaya ta raba mu. Ni ina koyarwa a firamare, ita tana jinyar mahaifiyarta, kuma yawancin hirar da muka yi a duniya ta saman katangar nan muka yi ta, ita a kan kifaffen turmi, ni a kan bulo.

Fulanin gari ne, 'yan'uwanta maza dillalai ne a kara, kasuwar shanu. Farkon shekarun casa'in Innarsu ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye. Mairo ba ta daɗe da fita takaba ba, sai aka ce ai ga wadda ba ta da abin yi. Mazan ba su yi rowa ba, a faɗi gaskiya. Duk Laraba in kasuwa ta tashi ga nama, ga magani daga kemis. Amma nama ba ya juya mara lafiya, ba ya wanke tsumma. A lokacin babu famfas ɗin manya, babu keken turawa, sai tabarmar roba da ruwan rijiya da bayan Mairo.

Ga Inna da kunya irin ta mutanen da. Ba ta cin abinci a gaban baƙo, ba ta yarda wani hannu ya taɓa zaninta in ba na 'yarta ba. Na taɓa kai mata kunu baki, ta juya fuska bango har ya huce. Haka Mairo ta zama kamar akuyar ɗaure, iyakarta zaure.

Masu dubiya kam sun zo. Su zauna, su ce yaya mai jiki, Allah Ya sa kaffara, su ajiye lemo su tashi. Ban taɓa jin wadda ta dubi Mairo ta ce ke fa, kin runtsa kuwa, ba. A wurinmu mai jinya kamar ƙofa take, ta nan ake wucewa a gaida wanda ke ciki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bikin 'yarta tilo, Hadiza. Mairo ta sa aka daka geron fura har sau uku, aka kawo ƙwarya-ƙwaryar kindirmo daga rugar danginsu, aka ɗora manyan tukwane. Ta ɗauko atamfar da ta daɗe a adaka. Har la'asar ta yi sanyi, matan da ke tsakar gidan ba su cika tabarma biyu ba. Na zaga unguwannin Bolewa da Ngojin da ƙafata ina tuni, amsar ɗaya ce: «Malama, yaushe rabon da mu ga Mairo a namu? Suna ba ta zo ba, rasuwa ba ta zo ba.» Na ce da wace ƙafar za ta zo, kuna kallon abin da ke ɗakinta? Aka ce zumunci a ƙafa yake. Karin maganar gaskiya ce, amma ranar na tsane ta.

Da aka kai amarya, muka rarraba furar ga maƙwabta don kada ta lalace. Mairo ba ta yi kuka ba. Ta hau turminta ta ce da ni, «Malama, ni ba magani nake nema ba, akwai shi. Wanda zai zauna mini da Inna nake nema, in je in dawo.» Daga nan na riƙa shiga in na taso makaranta. Zama kawai nake yi ina korar ƙuda, daga azahar zuwa la'asar, don iyakar abin da Inna za ta iya jurewa ke nan ba ci ba sha. Mairo ta yi wuf ta leƙa barka ko gaisuwa ta dawo tana haki. Bai isa ba, amma shi ke hannuna.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Ana sayar da famfas a kowane kemis, akwai masu gashin ƙashi, Keke Napep zai kai mara lafiya har ƙofar asibiti. Na san za ta ce alhamdu lillahi, gadon bayan wata mai jinyar ya huta. Sai dai dubiyar ma yanzu ta koma waya. A da ko banza mai jinya tana jin sallama a zaure, ta ga fuskar mutum. Duk tanadin da nake gani na mara lafiya ne. Wadda ke tsaye a kansa har yau ladan Lahira kaɗai muke yi mata alkawari, kuma da shi muke rufe bakinta in ta ce ta gaji.

Inna ta cika bayan shekara bakwai a kwance. Da aka share makoki, Mairo ta yi wanka ta yafa mayafi, ta shigo gidana ta ƙofa. Ta tsaya a tsakar gida da takalmi a ƙafa ta ce, «Malama, yanzu ina zan je?» Na rasa gidan da zan ambata mata. Damina ɗaya ta ƙara, ciwon ƙirjin da ta daɗe tana ɓoyewa ya tafi da ita. Ranar gidan ya cika har waje, kowa na cewa Mairo 'yar Aljanna ce. Na san fuskokin, su ne na bi gida-gida ranar bikin Hadiza.

Ba ta bar gida ko garke ba. Abin da ta bari a wurina ɗabi'a ɗaya ce: in na je dubiya, mai jinyar nake fara gaisarwa, sannan in ce ta ɗauki mayafinta ta fita, ina nan. Wasu na cewa tsohuwar malamar nan ta cika shisshigi, su faɗa. Ku ma ku gwada, tun tana da inda za ta je.

Turmin yana nan a gindin katanga, gara ta cinye rabinsa. Allah Ya jiƙan Adda Mairo, Ya hutar da ita.