Maman Irène da Cikin da Ya Ga Shinkafa Biyu

Da safe, kafin rana ta yi zafi, za ka ga Maman Irène a kan tsohon kekenta tana bin gefen gonakin shinkafa na Maga. Ta gaida wannan da Fulatanci, ta amsa wa wancan da Hausa, in kuwa ka ji ta koma Faransanci, to wani ya ɓata mata rai. Ungozoma ce a ƙaramin asibitin ƙauye, 'yar manoman kan dutse da aiki ya kawo ta nan bakin tafki, ta zauna har furfura ta cim mata. Wannan watan take ajiye aiki.

Matanmu ba su cika riƙe kwanan wata ba, ita kuma ba ta taɓa yi musu faɗa a kan haka ba. Tambayarta ɗaya ce: da kika daina ganin al'ada, me ake yi a gona? Zuba iri, dashe, ko korar tsuntsaye? Da amsar take sanin lokacin da za ta fara sa ido.

Haka ta gano Achta, matar Mahamat masunci. Ciki ya shiga da dashen rani, ga shi har an fara yankan shinkafar damina, shiru kake ji. Cikinta na fari ma haka ya daɗe, aka yi ta jira, aka haifi yaro ba rai. Uwar mijin ta ce wannan kwanciya ya yi, kwantaccen ciki kuwa ba a tashinsa, don kansa yake tashi. Mahamat ba ya iya musu da uwarsa. Achta tana jin motsin yana raguwa, tsoro ya cika ta, kunya ta hana ta magana.

Da Maman Irène ta je gidan, ba ta ƙaryata tsohuwar ba. Ta zauna a tabarma, ta sha kunu, ta tsokane ta cewa an yi rowar tsamiya, sannan ta ce, "Inna, shinkafa in ta nuna kika bar ta a gona, ƙaruwa take yi?"

"Zubewa take yi," in ji tsohuwar.

"To jikan naki ya nuna. Abin da ke ciyar da shi a ciki ya gaji."

Tsohuwar ta miƙe ta ɗauko mayafi, ta ce da ita za a tafi asibiti.

A babban asibiti aka sa wa Achta ruwan naƙuda. Yarinya ta fito fata a yamutse tana saɓa, farce zaƙo-zaƙo, ta yi jim kafin ta tsala kuka. Waɗanda ke wurin sun ce Maman Irène, da ba a san ta da hawaye ba, juyawa ta yi ta fuskanci bango.

Ranar taron sallamar Maman Irène daga aiki aka ce Mahamat ya yi jawabi. Ya miƙe, maimakon jawabi sai ya ɗaga 'yarsa sama kowa ya gani, ya koma ya zauna.

Ke ce mai shiga gida ba ki raina masu gida ba, Maman Irène, uwar 'ya'yan da ba ki haifa ba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Mu da aka bar wa aikin kuma, in ciki ya wuce lokacinsa a gidanmu ko na maƙwabci, kada mu ce kwanciya ya yi. Mu buɗe baki kamar yadda Maman Irène ta yi, mu kai mai cikin asibiti tun yaron yana motsi.