Ango Ya Sunkuyar da Kai

Wata rana da hantsi na je layin masu tsuntsaye a kasuwar Sabon Gari, in sayo wa nawa tsuntsun gero.

Ina kiwon ɗaya daga cikin ƙananan akun nan da ake kawowa daga ƙasar waje, masu tukku a ka da ɗigon ja a kowane kunci. Kokatil ake ce musu. Tun da yara suka watse, mu biyu ne a gidan.

Ina zaune a kan bencin Ɗanjummai mai tsuntsaye yana auna min, sai ga wata mata ta iso da keji a hannu, an lulluɓe shi da tsohon zani.

A shekaru, ba za ta kai 'yata ta fari ba. Ba kwalli, ba lalle. Ta gaishe mu da muryar wanda ya daɗe bai yi magana ba.

Ta ajiye kejin ta ce, "Malam, karɓar wannan za ka yi. Ba sayarwa na zo yi ba."

Ɗanjummai ya ɗaga zanin ya leƙa. "Hajiya, wannan ai an fara fige shi. Miyar ce aka fasa?"

Ba ta yi dariya ba. Shi ma sai ya haɗiye tasa.

Tsuntsun irin nawa ne. Ƙirjinsa duk a fige, fata a waje. Shi ya yi wa kansa. Haka suke yi in kaɗaici ya yi musu yawa.

Ta ce na mijinta ne. Tela ne, a shago yake ajiye shi, ya sa masa suna Ango. Da mijin ya rasu aka kawo mata keken ɗinki da kejin gida. A makon nan ta fita takaba. Ba su haihu ba. Cikin abin da ya bari, wannan ne kaɗai mai numfashi.

"Ya ƙi ni," in ji ta. "Abincin ma ya rage ci. Ba na so ya mutu a hannuna. Gara a ba wanda ya iya."

A makarantar mishan da na yi tun ina yaro, an hore mu da duba abu sosai kafin mu buɗe baki. Sai na gyara tabarau na duba.

Wannan tsuntsu da tukkunsa yake magana. In tukkun ya miƙe tsaye cak, tsuntsun ya firgita ne. In ya manne da kai yana huci, fushi ne, ka janye hannunka.

Na Ango bai miƙe ba, bai manne ba. Ya ɗan karkata baya kawai. Ba haka tsuntsun da ya ƙi mutum yake ba.

Ta matso za ta mayar da zanin. Nan take ya tako a kan sandarsa zuwa ɓangarenta, ya jingina goshi da wayar kejin, ya sunkuyar da kai ƙasa.

Ya tsaya a haka, ko motsi babu.

"Ka gani ko, Baba? Kullum haka yake min. Ko kallona ba ya yi. Makokin maigidansa yake. Shi ya sa nake rufe shi, in bar shi ya huta."

"'Yata, ba makoki ba ne. Ƙeya yake miƙo miki. Susa yake roƙo."

Ta dube ni, ta dubi tsuntsun.

Mu a wurinmu, in mutum ya sunkuyar da kai, ko kunya ce, ko ladabi, ko baƙin ciki. Sai a ja baya a ba shi wuri. Ta yi masa abin da ake yi wa mutum, kuma da kyakkyawar zuciya ta yi.

Shi kuwa akwai gashin da bakinsa ba ya kaiwa, na kai da na wuya. Ɗan'uwansa ke gyara masa. In babu ɗan'uwa, sai mutumin da ya yarda da shi. Ba kowa yake miƙa wa ba.

"Zai cije ni," ta ce.

"In tukkun ya manne, ki janye. Bai manne ba."

Ta zura yatsa ta tsakanin waya. Ta taɓa ƙeyar sama-sama, kamar mai gwada zafin ruwa. Sannan ta fara sosawa.

Ya lumshe ido. Ya juya wuya ya ba ta ɗaya gefen.

Ba ta yi kuka ba. Fuskarta ba ta canza ba ko kaɗan. Yatsan ne kawai yake tafiya.

"Tun ranar sadakar uku yake min haka," ta ce.

Can kuma, ba tare da ta ɗago ba: "Ni ma da na sunkuyar da kai, cewa aka yi a bar ni in huta. Aka bar ni."

Ɗanjummai ya ƙulle min gerona, ya kwance, ya sake ƙullewa.

Ta tambaye ni ko gashin ƙirjin zai fito. Na gaya mata gaskiya: na wani yana fitowa, na wani ba ya fitowa.

Ta ce, "To."

Ta ɗauki kejinta ta nufi bakin titi. Ban tambayi sunanta ba.

Darasi:

Ba duk wanda ya yi shiru ya sunkuyar da kai ne yake so a bar shi ba. Wani hannu yake jira, bai iya roƙo da baki ba. Kafin ka ja masa ƙofa ka ce ya huta, matsa kusa ka zauna. In ba ya so, za ka gani.

A tura wa masu kiwon tsuntsu. A tura wa wanda yake da mai takaba a cikin danginsa.