Birkin da Ya Ƙi Kamawa

A ƙarshen shekarun casa'in muna da wani ɗan shago a Kontagora, ni da abokina, a bayan wani kantin kayan gini. Kwamfuta biyu ce a ciki, da injin buga takarda mai ƙarar tsiya, da fankar da ba ta juyawa sai an tura ta da sanda. Yawancin abincinmu daga buga wa mutane takardu yake fitowa. Amma abin da muke taƙama da shi manhajoji uku ne da muka rubuta da kanmu: ɗaya ta wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa don lura da magunguna, ɗaya ta wata makaranta, sai ta wani mai sayar da taki da iri wanda kayansa ke kaiwa har Beri da Kumbashi.

Abokin nan nawa mutumin wajen Rijau ne, Kirista, ɗan manoma. A sakandare muka haɗu, gadonsa a saman nawa. Ni ɗan cikin gari ne, gidanmu gidan malamai, amma ya saba da mu har mahaifiyata, da yake kira Inna, takan ajiye masa tuwo ko bai ce zai zo ba. Hausarsa tana da karin Dukanci, in ransa ya ɓaci kuwa sai ya koma yarensu gaba ɗaya, ya bar ni ina kallon bakinsa. A harkar kwamfuta ya fi ni nesa ba kusa ba.

Akwai ayyukan da duk manhajojin uku ke buƙata, kamar lissafin kwanan wata da tsara takarda kafin a buga. Maimakon ya rubuta su sau uku, sai ya tara su a fayil guda, kowace manhaja in ta tashi aiki ta je can ta ɗauka. Masu sana'ar suna ce wa irin wannan fayil laburare. Mu a shago rumbu muke ce masa.

Wata rana da hantsi, cikin damina, matar da ke kula da ɗakin magani na asibitin ta shigo tana karkaɗe lema.

“Malamai, injinku ya haukace,” in ji ta. “Maganin da aka kawo mana jiya-jiya, wai ya lalace tun zamanin kakannina.”

Abokina ya tambaye ta shekarar da ke jikin kwalin. Da ta ce dubu biyu da ɗaya, sai ya dafe kai yana dariya. Lambobi biyu na ƙarshe kawai rumbun ke riƙewa, don haka yana ganin sifili da ɗaya sai ya ɗauka shekarar alif ɗari tara da ɗaya ake nufi. Ya ce mata ta ba mu zuwa jibi.

A ranar ya gyara wurin. Muka kunna manhajar asibitin a kwamfutarmu, sai ta sake cewa maganin ya lalace, kamar ba a taɓa komai ba.

Muna da wata manhaja ta farautar kuskure, dibaga. Da ita mutum zai sa alama a kan layin da yake zargi, layin ya koma ja, in aiki ya iso nan sai komai ya tsaya cak, a duba abin da ke faruwa a ciki. Wannan alamar muke kira birki. Abokina ya sa birki a layin farko na lissafin kwanan wata, cikin rumbun, ya kunna. Manhajar ta wuce abinta har ƙarshe ba ta ko waiwaya ba.

Ya sake, ya kuma sakewa. Ina ɗaya kwamfutar ina buga wa wani takardar neman aiki, na ɗaga kai na ga hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

“Malam,” ya ce ba tare da ya juyo ba, “zo ka duba mini. Layin nan ya yi ja kuwa?”

Na ɗauka wasa yake. Jan layin ko daga bakin ƙofa ana hango shi.

“Ja wur,” na ce. “Mutumina, lafiya?”

Ya jira har mai takardar ya karɓi abinsa ya fita. Sannan ya gaya mini. Na san yana da ciwon suga, amma ban san ya taɓa idonsa ba. Tafiyar da ya yi Kaduna kafin Ista, wadda ya ce ta sayen kayan shago ce, wurin likitan ido ya je. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama kuma likita ya ce a yi ta addu'a. Ko matarsa bai faɗa wa ba tukuna.

Na jawo kujerata kusa da tasa, na ce, “To, faɗi inda zan danna.”

Haka muka koma aiki, ni ne ido, shi ne kai. In an kawo wuta mu zauna, in an ɗauke mu fita bakin shago mu jira. Ina karanta masa layi-layi, har da waƙafi da baka, yana rufe da ido yana saurare. Ya ce wataƙila an haɗa rumbun ba tare da bayanan da dibaga ke buƙata ba, muka sake haɗa shi. Birki bai kama ba. Ya ce wataƙila muna sa birkin tun manhajar ba ta ɗauko rumbun ba, don haka mu tsayar da ita a bakin shiga, sannan mu bi ta a hankali zuwa ciki. Muka bi ta, ta tsallake kamar akuya a kan kwata, ta fito da amsarta ta da.

Jibin da ya yi alkawari ya wuce, mako ya zagayo. Matar asibitin ta aiko sau biyu, daga baya ta koma duba kwalaye da hannu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ya ɗora wa kansa laifin. Ya tabbata cewa a watannin da idon ke dushewa ya buga wani harafi ba daidai ba a wani wuri, kuma yanzu ba zai iya ganinsa ba. Wata rana da azahar ya ture kibod, allon maɓallan rubutu, har ya faɗi ƙasa, ya yi ta magana da Dukanci. Da ya dawo Hausa sai ya ce, “Ni na gina abin nan da hannuna. Yau ya zama gidan wani, ina laluben ƙofa.”

Na tafi masallaci na dawo na same shi ya ɗauke kibod ɗin ya mayar, yana shafa maɓallan yana gyara wanda ya fita.

Washegari ya iso da wuri, ɗiyarsa ta fari na riƙe da hannunsa, ta ajiye shi ta wuce makaranta. Ashe ya faɗa wa iyalinsa. Tun bai zauna ba ya ce, “Cire rumbun gaba ɗaya. Kwashe shi a faifai, ka goge shi daga wurin.”

“In na goge ai manhajar ba za ta tashi ba.”

“Shi nake so in ji.”

Na goge, na kunna. Manhajar ta tashi lafiya lau, ta ce maganin ya lalace.

“Ta tashi?” ya tambaya.

“Ta tashi.”

Ya buga cinyarsa. “Ashe tana da wani rumbun! Nemo mini duk fayil mai wannan sunan.”

Na nemo. Akwai wani tsohon kwafi a wata jaka da kwamfutar ke fara leƙawa, tun na lokacin da muka fara gwaji shekarun baya, mu duka mun manta da shi. Duk kwanakin nan muna sa birki a sabo, ita kuwa tana ɗiba a tsoho. Babu harafi ko ɗaya da ya buga ba daidai ba. Na kawar da tsohon, na mayar da sabon, na sa birki, na kunna. Komai ya tsaya cak a kan jan layin.

“Ta tsaya,” na ce.

“Rantse.”

“Wallahi ta tsaya.”

Ya miƙa hannu ya shafa gilashin, ya yi dariya, sai kuma hawaye. Na bar shi, na fita na sayo mana gasasshiyar masara.

Na zaci za mu kai wa asibitin gyaransu mu huta. Mun kai, amma bai yarda mu huta ba. Ya ce sai mun sa birki a kowane aiki da ke cikin rumbun, mu gwada shi da manhajar asibiti, da ta makaranta, da ta mai taki, don abin da ya yi wa ɗaya daidai yana iya karya ɗaya. A kowace tsayawa sai ya tambaye ni abin da na gani, da dalilin da ya sa aka rubuta wurin haka. In na kasa ya bayyana, gobe ya sake tambaya. Sai da muka yi nisa na gane sallama yake yi.

Bayan girbi aka loda kayansu a akori-kura suka koma Rijau, wurin 'yan'uwansa. Mahaifiyata ta aika masa da daddawa da kuka, ta ce in gaya masa ta yafe masa kwanonta da ya ɓatar tun muna sakandare.

Na je duba shi kafin ƙarshen shekarar. Na same shi a inuwar mangwaro yana ɓarar gyaɗa, ya rame, an naɗe masa ƙafa ɗaya saboda gyambon da ya ƙi warkewa. Ya gane ni tun daga sallama. Muka yi hirar makaranta da ta mutanen gari. Da na fara ba shi labarin shago sai ya ɗaga hannu.

“Bar shi, Malam. Naka ne yanzu. Ba ni labarin Inna.”

Bai ga sabuwar shekara ba. Ɗan'uwansa ne ya zo a babur ya faɗa mini, ina tsakiyar buga wa wata makaranta takardun jarrabawa. Na rufe shago na hau bayansa. A wurin jana'izar na zauna a benci a wajen cocin tare da wasu Musulmi maƙwabtansu, muna jin waƙoƙinsu ta taga. Da aka gama matarsa ta aiko a kira ni. Ta ce yaran ba su taɓa zama a ƙauye ba, babbar kuma tana son ta ci gaba da karatu a Kontagora, ko za a samu wanda zai riƙe ta. Na ce zan yi magana da mahaifiyata. Da na koma na faɗa mata, ba ta bari na kai ƙarshe ba, ta tashi ta shiga share ɗakin da ke kusa da nata.