Awon Baba Tela

Baba Tela bai taɓa yarda da tef ɗin awo ba. Yana da shi a rataye a wuya kamar kowane tela, amma ado ne kawai. In aka kawo masa yaro, sai ya ware yatsunsa, ya dafa kafaɗa, ya yi ta auna taƙi har gwiwa, yana yi wa yaron cakulkuli a hanya. Hannun nan kuwa ba na wasa ba ne, ya kai faranti. Da shi ya yi wa yaran layinsu ɗinki, suka girma suka kawo nasu, kuma ba a taɓa dawo masa da riga ba. In ka manta da wannan, zai tuna maka.

Yaro ɗaya ne hannun bai taɓa sauka a kafaɗarsa ba, shi ne jikansa. Auta, 'yarsa, ta bi mijinta ƙasar waje, can ta haihu, kuma tafiyar ba ta nan kusa ba ce. Abin yana cin tsohon a rai. Ya sa wa 'ya'yan mutane sutura, nasa jinin yana yawo cikin kayan kanti.

Duk ƙarshen mako sukan yi kiran bidiyo. Baba kan jingina wayar da gwangwanin maɓallai a kan keken ɗinki, ya kusanto da fuska har sai hancinsa kaɗai ake gani. Matarsa, Inna, ta ce yaron nan ranar da ya zo, da hanci zai gane kakansa. A irin wannan hirar ce dabara ta faɗo masa. Ya sa Auta ta tsayar da yaron, ta auna shi da taƙi yadda ta saba gani tun tana rarrafe a shagon, tana faɗa yana gyaɗa kai. Washegari ya shimfiɗa yadi ya yanka da nasa taƙin.

Daga lissafin ya gano jikansa ƙato ne. Mai gyaran takalmin da ke maƙwabtaka da shi ya sha labari har ya gaji: abincin can ne, ga kuma gadon ƙashi, ai shi ya biyo. Duk matafiyin da aka ji zai bi ta wajensu Auta, sai Baba ya cusa masa ƙunshi a jaka, yana ba shi haƙuri. In riga ta isa, sai a kira, yaro ya tsaya ƙiƙam gaban waya, hannuwa a gefe, riga ta zauna ɗas. Baba ya ce a juya shi ya ga baya, sai Auta ta ce layin yana yankewa. Layin nan mai hankali ne, bai taɓa yankewa a wani wuri ba sai nan.

Ran nan ana cikin nuna sabuwar riga, kyanwar su Auta ta gitta, yaron ya juya ya bi ta a guje. Baba ya ga bayan rigar. An tattare yadin an naɗe, an kama shi da abin matse shanya a jere tun daga wuya har ƙasa. Ɗaya ya ɓalle, rigar ta zubo, yaron ya taka ta ya faɗi yana ƙyalƙyala dariya. Inna ma dariya ta kama ta har da riƙe ciki, sai da ta dubi fuskar mijinta ta haɗiye sauran.

Ya tambaya ko duk rigunan haka suke. Auta ta yi ta kame-kame, ta ce ai yara ba su da wuyar girma, an adana masa su. Daga baya ta ɗaga hannunta gaban wayar, ta ware yatsu.

"Baba, dubi hannuna. Taƙina biyu ne naka ɗaya."

Ya daɗe yana kallon ɗan siririn hannun. Ba rigunan ne suka dame shi ba.

"Ashe har hannunki na manta, Auta," ya ce.

Ta kawar da fuska. Ya ce to, a yi yadda ake yi wa telan da bai san mutum ba, a aiko masa da tsohuwar rigar yaron ya ɗora a kan yadi. Bai taɓa roƙon kowa haka ba, kuma ya ji nauyin maganar a bakinsa.

Bayan 'yan makonni matafiyi ya kawo ta a leda. 'Yar mitsitsiya ce, wuyanta ya saki, ga tabon abinci a ƙirji, Auta ko wanke ta ba ta yi ba. Baba ya shimfiɗa ta a teburin yanka, ya ɗora hannunsa, ya kusa rufe ta duka.

Mako ya zagayo, yadin da ya ware wa jikan yana nan ba a taɓa shi ba. Inna ta kawo masa abincin rana, ta same shi zaune ya kifa fuska cikin 'yar rigar. Ta ajiye kwanon, ta tambaye shi yaushe za a yanka, tunda masu kaya suna jira.

Bai ɗago ba. "Ki bar ni," ya ce, "ban gama awo ba."