Tabon Hannun Kaka a Bango

Har yau in na ji warin sabon fenti haɗe da kananzir sai gabana ya faɗi. Mutane su shiga gidan da aka gama wa fenti suna cewa kai, gida ya fito, ni kuwa ina can ina ƙirga tsofaffin gidan da ido, ina duba takalman da ke bakin ƙofa. Bari in gaya maka dalili, kada ka ɗauka taɓin hankali ne.

A Rano na tashi, a gidan kakanmu, gidan ƙasa mai faɗin tsakar gida da darbejiya a tsakiya. Kakan ya rasu tun ban san kaina ba, aka bar matarsa, mahaifiyar babanmu, wadda aka sa mini sunanta. Saboda haka babu mai kiran sunana a gidan. Baba ya ce Uwata, ita kuma ta ce takwara. Tsokana ce abincinmu ni da ita. Ta ce na sace mata suna ko goro ban bayar ba, ni kuma in ce sunan ya tsufa a hannunta, gara da na karɓe shi ya huta. Sai ta ɗaga mafici kamar za ta kwaɗa mini, ta ƙare da ba ni ƙuli-ƙuli daga cikin kwalla.

A shekarar da nake ba ka labari hankalin Kaka ya fara tafiya yana dawowa. Takan yi azahar sau biyu, ta tambayi lafiyar mutanen da suka daɗe a ƙasa. Amma ɗakinta bai taɓa ɓace mata ba. Ƙofarsa ta katako ce, ta yi baƙi don tsufa. A gefen dama na bakin ƙofar, daidai kafaɗarta, akwai wani tabo mai sheƙi, inda take dafawa in za ta sunkuya ta shiga. Shekara da shekaru na man shanu da toka da gumi ne suka taru a wurin, har ƙasar ta ɗan lotsa ta yi siffar tafin hannu. Ko daga ina ta fito, komai ruɗewarta, sai ta bi bango tana shafawa, hannunta na faɗawa cikin wannan lotsawar sai ka ji ta sauke ajiyar zuciya ta ce bismillahi. Mu duka muna ganin haka kullum, babu wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

A shekarar ne Baffa, wan Baba kuma ɗan farin Kaka, ya tafi Makka. Da aka ce alhazai sun kusa dawowa, Baba ya ce ba za a tari sabon Alhaji da gida kamar kango ba. Ya aika garin Kibiya aka kira wani mai fenti da ke ɗan taɓa kowane aiki, ya toshe yoyon kwano, ya gyara ƙofa, ya zana jirgin sama a jikin zaure. Ya iso a kan keke, tsani ɗaure a gefe, gwangwanaye suna ƙara a baya. Mutum ne mai barkwanci, rigarsa ta sha launi har ba ka iya cewa da wane ta fito daga kasuwa.

Tsakiyar bazara ce. Zafin da ƙadangaru ke buɗe baki a inuwa, ruwan randa ya yi ɗumi tun kafin azahar. Mai fenti ya ce shi daga asuba zuwa hantsi yake aiki, don in rana ta take fentin a jikin buroshi yake bushewa, kuma bangon ƙasa a irin wannan lokaci ƙishirwa gare shi, sai an yayyafa masa ruwa kafin ya yarda ya riƙe launi. Ya fara da zaure, ya zo kan ɗakunan iyayenmu. Mu yara muna biye da shi, har faɗa muke a kan wanda zai riƙe masa tsani.

Ranar da ya iso ɗakin Kaka, Inna, mahaifiyata, ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce wa Baba a hankali ko za a bar wa tsohuwa nata yadda yake. Baba ya ce haba, ɗakin uwar Alhaji ai shi baƙi za su fara shiga gaisuwa, shi ya fi cancanta. Ba mugunta ba ce, don Allah kada ka ɗauka haka. So ne, irin na ɗan da ke son a ga uwarsa cikin kyau.

Aka shimfiɗa wa Kaka tabarma a gindin darbejiya, aka fito da kwallayenta da adakarta. Mai fenti ya sa ƙarfe yana kankare bango, tsohon yaɓe yana zuba. Ya kwaɓa ƙasa ya cike lotsawar nan ya shafe ta sumul. Kaka tana kallonsa ba ta ko ƙifta ido. Can ta kira shi.

“Malam, wa ya mutu?”

Ya yi dariya ya ce, “Hajiya, babu wanda ya mutu, Alhaji ne zai dawo.”

“To amarya za a kawo?”

“A'a, Hajiya.”

Ta gyaɗa kai ta ce, “A garinmu ba a share ɗaki haka sai za a kawo amarya, ko an fitar da gawa.” Dariyar mai fenti ta tsaya. Ya ci gaba da aikinsa, amma ranar bai ƙara yi mana barkwanci ba.

Bango ya zama shuɗi, ƙofa ta zama koriya mai maiƙo. Da fenti ya bushe aka mayar da kaya, na riƙe hannun Kaka zuwa ɗakin. Ta miƙa hannu ta shafa, ta sake shafawa sama da ƙasa, ta matsa gaba ta shafa. Sai ta ja baya ta gyara mayafi, ta yi sallama a bakin ɗakinta, ta tsaya tana jiran a amsa. Na ce Kaka ai ɗakinki ne. Ta dube ni da ladabin da ban taɓa gani a fuskarta ba ta ce, “Yarinya, ba a shiga ɗakin mutane ba su nan.” Yarinya. Na ce ni ce fa, ɓarauniyar suna. Ta yi mini murmushin da ake yi wa ɗan maƙwabta. Wannan murmushin ya fi mari ciwo, na zaga bayan rumbu na yi kuka.

Daga ranar Kaka ta zama baƙuwa a gidanta. Ta ɗaure ɗan ƙunshinta ta ajiye a gefen tabarma. In an kawo tuwo ta yi loma biyu ta ture kwano, wai ba a cika ciki a gidan mutane. Ta yi wa Inna godiya, ta yaba tarbiyyar yaran gidan. A rumfar Inna take kwana, shi ma da lallashi. Kullum in rana ta yi tsaka sai ta dubi sama ta ce baƙo raɓa ne, in rana ta yi sanyi za ta kama hanya, ana jiranta a gida. Muka gane gidan da take nufi, na iyayenta ne a Rurum, can cikin duwatsu, wanda ya daɗe da rushewa. Baba ya ce za ta saba. Inna kuwa ta fara sa turmi a bakin ƙofar zaure don kada Kaka ta fice.

Ranar da Baffa ya sauka gida ya cika ya batse. Aka kawar da turmi don baƙi su wuce. Ana guɗa, ana rabon dabino da zamzam, kowa na son ganin haƙorin Makka. Sai da Baffa ya gama gaisawa da maza ya shigo ya ce ina Inna, wato Kaka, don haka su Baba ke kiranta, sannan aka waiga gindin darbejiya. Tabarma na nan. Babu ƙunshi, babu buta. Takalmanta kuwa ga su a jere, kamar yadda take ajiye su.

Takalman nan su suka kashe mana jiki. A wannan rana ko akuya ba ta taka ƙasa sai da gudu. Maza suka bazu, wasu a babur, wasu a ƙafa, aka leƙa rijiyoyi ana salati. Baffa da farar jallabiyarsa ya bi hanyar Rurum yana tambayar duk wanda ya gani. Gidan da ɗazu ake guɗa ya yi tsit, sai warin fenti da zafi ya taso da shi, ya cika ko'ina har cikin maƙogwaro.

Bayan la'asar wata Bafulatana mai tallan nono ta aiko ɗanta. Ta tsinci wata tsohuwa a wani kango a gefen hanya, nesa da gari, tana bin ragowar bango tana shafawa. Ta ba ta ruwa, ta zaunar da ita a inuwa, ta ƙi tafiya ta bar ta. Da aka kawo Kaka tafin ƙafarta duk ya saluɓe. Baffa ya durƙusa a gabanta. Ita da ba ta taɓa kallon ɗan farinta ido da ido ba don kunya, ranar ta kalle shi sosai ta ce, “Alhaji, kai da ka yi tafiya, ko ka san hanyar gidanmu?” Ban taɓa ganin babban mutum ya yi irin kukan da ya yi ba.

Ƙafa a naɗe da tsumma, amma kullum tana jan jiki zuwa zaure. Abinci kuwa ta daina karɓa sai ruwa. Kowa ya ga inda abin ya dosa. Baba ya ce garin neman gira mun rasa ido, ya hau keke da kansa ya tafi Kibiya.

Mai fenti ya ce tunda yake ba a taɓa kiransa ya ɓata bango ba, amma ya zo tun da asuba. Ya kankare shuɗin nan tas, ya goge ƙofa da kananzir da yashi har baƙin katako ya fito. Ya yi yaɓe da jar ƙasa, ya kunna tsumma ya bi bango da hayaƙi. Da aka zo kan tabon sai aka tsaya ana musu, wannan ya ce nan ne, wancan ya ce ƙasa kaɗan. Ni na sani, don in na tsaya a bakin ƙofar daidai goshina yake. Na tsaya, ya sa alama, ya danna tafinsa cikin ɗanyen yaɓe. Da ya sha iska Inna ta kwaɓa man shanu da toka ta yi ta murzawa har ya yi sheƙi.

Baba da Baffa suka tallabo ta. Ta miƙa hannu, ya faɗa cikin lotsawar. Ta daɗe a haka. Sai ta juyo ta harare ni ta ce, “Takwara, ke kika taɓa mini bango ko? Hannun nan ya yi mini girma.” Na ce to ni ce, me za ki yi? Ta ce in ta huta zan gani. Ta ce bismillahi, ta sunkuya ta shiga, ta kwanta a gadonta ta ce alhamdu lillahi, tafiyar nan da nisa take. Ranar ta sha kunu kofi guda. Amma abin da rana ta ci a jikinta bai dawo ba. Kafin ruwan farko ya sauka aka fitar da ita daga ɗakin. Bayan sadakar arba'in mai fenti ya zo karo na uku, ya shafe ɗakin da farar ƙasa, ya ɗaure tsaninsa a keke ya tafi.

Yanzu gidan ya zama na bulo, ɗaki ɗaya ne ya rage na ƙasa, na Baba, don ya ce siminti gasa mutum yake. Masu fenti ma yanzu ta waya ake kiransu, su zo a babur da abin mirginawa, kafin ka juya sun gama. Baba ya tsufa. Har yanzu Uwata yake ce mini, sai dai tun bara na fara lura wani lokacin ba wasa yake ba.

Gab da sallar da ta wuce ƙannena suka haɗa kai suka turo mai fenti, ba su gaya mini ba. Na zo daga gidana, tun daga zaure warin ya tare ni. Na tarar da wani saurayi a kan tsani, rabin bangon Baba ya riga ya yi fari. Baba yana zaune a kujera yana kallonsa, ba ya ko ƙifta ido. Da ya gan ni ya yafito ni da hannu, ya rage murya.

“Inna, wa ya mutu?”

Na ce wa saurayin ya sauko. Ya ce Hajiya ai saura kaɗan, in aka bar shi haka muni zai yi. Na ce ya bar shi da muninsa. Bangon yana nan har yau, rabi fari rabi ja. Na sa an mayar da turmi bakin zaure, kuma na gaya wa duk yaran gidan, ko barci Baba yake da rana, kada wanda ya cire masa takalmi.