Kwalaben Yaya Gambo

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da Allah ya karɓi ran Hajiya Gambo, 'yar wan mahaifina, wadda ta ɗauko ni daga ƙauye ta damƙa mini sitiyari a Nassarawa GRA. Ni dai aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro, don haka wanda ya ga gargada a rubutuna ya yi haƙuri.

Lokacin kuɗin mai sun shigo, kowane gida akwai akwatunan lemo jibge a sito. Mu direbobi da masu gadi, shayinmu in cokali bai kusa tsayawa a ciki ba, cewa muke mai shayi ya raina mu. Ana cikin wannan daɗi aka yanke wa mijin Yaya ƙafa, bai daɗe ba ya rasu. Ciwon sukari ne, ya yi shekaru yana cinsa ba wanda ya sani, ga matarsa kuma ma'aikaciyar jinya. Wannan abu ya tsaya mata a rai.

Tana fita takaba ta sa na fitar da mota daga gareji, na wanke kwalaben lemo, na bi layi ina raba wa masu gadi, kuku-kuku da masu ban ruwan fulawa, kowa ya kawo fitsarinsa da safe. Tana da wata 'yar takarda da take tsomawa, in launi ya juya to akwai magana. Maƙwabta suka ce ta zubar da mutuncin unguwa. Mu kuma ba kunya ce ta hana mu kawowa ba, tsoro ne: a zamanin, maigida ya ji direbansa na da ciwo, kafin la'asar ya sallame shi.

Sai ta kafa doka. Ba a rubuta sunan kowa. Kowa ya ɗaura wa kwalbarsa alamar da shi kaɗai ya sani, zare ko tsumma, sakamako kuma a kunne take faɗa. Ni da nake siriri kamar sandar rake, na yi ta yi wa masu tumbi dariya, ina ce musu ciwon masu ƙiba ne. Don neman suna na kawo tawa da jan zare. Ranar na ji raɗa a kunnena, dariya ta ƙare.

Abin da ba na mantawa shi ne zuwan wani Alhaji maƙwabcinmu. Ya ga direbansa, Malam Sule daga Jigawa, ya daina shan shayi da sukari, sai ya zo har gareji yana son a gaya masa abin da aka gani. Sule na tsaye a bakin ƙofa, ga 'ya'ya shida a unguwar Gama, gumi na zubo masa. Alhaji ya ce shi ke biyan albashi, yana da haƙƙin sani.

Yaya ta miƙa masa kwalba wankakkiya, ta ce, "Alhaji, kawo taka in gaya maka abin da ke ciki. Ta wani kuwa, mai ita kaɗai nake gaya wa."

Ya fita yana faɗa. Sule ya ci gaba da tuƙa shi har gemunsa ya yi fari, yana shan maganinsa a ɓoye.

Yau da Yaya za ta leƙo unguwar Badawa ta ga rumfar gwajin sukari, ɗan tsini a yatsa an gama, da ta yi murna. Amma da ta ga yadda wasu ke ɗaga murya suna faɗin sakamakon mutum a gaban layi, da ta kifar da teburin. Shi ya sa har yanzu masu gadi ke zagayewa ta bayan rumfa. Ni kuwa duk ranar gwaji ina nan a kan benci, in na ji an ɗaga murya sai in buga sandata a ƙasa in ce a faɗa a kunne. 'Ya'yana sun ce ina ba su kunya. Su ji kunyar, ba zan daina ba.

Ba ta bar gini da sunanta ba. Ta bar ni da ƙafafuna biyu da yatsu cikakku, da su nake zuwa masallaci. Har yau ana tambayata ko Alhajin nan ya dawo da tasa kwalbar ta ƙofar baya. Ni ne mai wanke kwalabe, na sani sarai. A bakina dai ba za ku ji ba.

Allah ya jiƙan Yaya Gambo, ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa mana.