Kaset ɗin Baba Sale

Shekara tara na yi ina riƙe wa ƙungiyarmu ta kiɗa na'ura a Gadarif, amma rana ɗaya ce ta ƙi fita daga raina, ranar da muka yi wasa a Mafaza. Ku da kuke aiki da kwamfuta yanzu ku saurara, don na gaji da maimaita labarin nan.

Mu huɗu ne. Ustaz Haruna shi ya kafa ƙungiyar, malamin makaranta ne da ya ajiye alli ya rungumi orga, wato fiyanon lantarki. Kiɗansa ba irin wanda aka saba ji ba ne. Yakan ɗauki rikoda ya shiga mashru'u, manyan gonakin nan da ake nomawa da tarakta, ya ɗauko ƙarar inji, ko kakkaɓar riɗi, ko waƙar ma'aikata. Aikina shi ne in yanko gutsure daga kaset in zuba a na'ura, ita kuwa ba ta riƙe abin da ya wuce numfashi biyu. Ustaz na dannawa, sai gutsuren ya yi ta maimaita kansa a kan kiɗa. Mutanen gari sun ce mun haukace, mu ma wani lokacin mukan yarda.

Kaset kuwa kwali ɗaya gare mu. Ƙa'idarmu ita ce da na gama yanka, sai in mayar da kaset cikin kwali a sake ɗauka a kansa. Ba wanda ya taɓa ganin laifin haka.

A wata kakar riɗi Ustaz ya ɗauki muryar wani dattijo, Baba Sale, yana yanka yana waƙa. Kusan rabin sa'a ya yi, har da dariyarsa da labarin kakansa da ya taso a ƙasa zai je Makka ya yada zango a nan. Na yanki kalma uku kawai, inda ya tsaya ya ƙwala kira, "Hauwa, kawo ruwa," don sun hau kiɗa daidai. Bayan mako biyu muka ɗauki kukan tarakta a kan kaset ɗin.

Shekara ta zagayo, aka gayyace mu bikin wani direba a Mafaza. Bayan la'asar muka sa waƙar. Kamar kullum, samari na tsaye sun rasa ta inda za su taka rawa. Sai wata tsohuwa ta ratso daga ɓangaren mata ta tsaya gaban lasifika. Ustaz ya ɗauke hannu daga orga.

"Ɗana, muryar Malam ce wannan?" in ji ta. "Ni ce Hauwa."

Wani ya raɗa mana cewa matar Baba Sale ce, shi kuma ya rasu da damina.

"Tasa ce, Hajja," in ji Ustaz.

"To don me yake in'ina? Shi bai taɓa in'ina ba. Ku bar shi ya faɗi sauran. Ko hotonsa ba ni da shi."

Ustaz ya juyo ya dube ni. "Musa, kaset ɗin na nan?"

Ya san amsa, ni ma na sani. Duk da haka na zazzage kwali na nemo kaset ɗin na sa a rikoda. Tarakta ta yi ta kuka gaban jama'a, ina gaba ina baya ko wani ɗan wutsiya ya tsira. Babu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Malesh, Hajja, ki yafe mana," in ji Ustaz. "Mun goge."

Ta ce, "Halas, ya wuce. A sake mini kiran nan, ban da kiɗa."

Ni na danna mata. A karo na uku ta amsa a hankali, "Ina zuwa."

Ƙungiyar ta ƙara jan ƙafa shekara biyu, sannan Ustaz ya koma aji, kowa ya kama gabansa. Abin da na koya shi ne, mu masu wannan sana'a kunnenmu na kan abin da zai hau kiɗa, sai mu manta muryar tana da masu ita. Shi ya sa nake yi muku faɗa in kun ce na'ura ta cika, a goge tsofaffi. Ku sayo wata, kada ku goge mini komai.